Dodo da Makashinsa: Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Littattafan Zane



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wani nau'in adabi wanda ya shigo ƙasar Hausa ba tare da sallama ba. Ya biyo ta wayar hannu da gidajen kallo, har ta kai yaro a Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi yana iya sanin sunan wani maharbin dodanni na Turai, alhali kuwa bai taɓa jin yadda Auta ya kashe Dodo ba. Wannan adabi shi ne labarin da ake bayarwa da zane, gida-gida a kan shafi, a sa maganar kowane mutum a cikin wani ɗan kewaye kusa da bakinsa. An saba kiran irinsa zanen barkwanci, saboda abin da aka fi gani a jaridu ke nan. To amma sunan bai dace da wanda ake magana a kai ba, domin babu abin dariya a cikinsa. Duhu ne da jini da tsafi da mutuwa. Saboda haka a nan za a riƙa kiransa labarin zane.

Ya kamata a fara da misali guda, a bi shi daga tushe, don a ga yadda labari yake sauya kama idan ya tashi daga wata hanya ya koma wata.

A watan Disamba na 1986 wata mujalla ta ƙasar Folan mai suna Fantastyka ta buga gajeren labarin wani mutum, Andrzej Sapkowski, wanda ya shiga gasar da ta shirya ya zo na uku. Jarumin labarin sunansa Geralt, sana'arsa kuwa kashe dodanni a biya shi. Tun yana yaro aka ɗauke shi aka yi ta ɗirka masa magunguna masu tsanani, waɗanda yawancin yaran da aka ba ba su rayuwa. Shi ya rayu, amma gashinsa ya yi fari fat, idanunsa suka koma kamar na kyanwa. A wannan labari na farko, wani sarki yana da 'ya wadda aka yi wa baki tun kafin a haife ta, ta zama dodanniya, tana kwana a kabari cikin tsohuwar fada, tana fitowa da dare tana cin mutanen gari. Fadawa sun fi son a kashe ta a huta. Uban kuwa yana son a warware abin. Geralt ya kwana yana fafatawa da ita, ya hana ta komawa makwancinta har zakara ya yi cara sau uku, sihirin ya karye, ta koma yarinya. Kafin ta gama dawowa hayyacinta sai da ta yage masa wuya, ya kusa rasa ransa.

Daga wannan ɗan labari aka sami jerin littattafai. Tsakanin 1993 da 1995 aka mai da wasu daga cikinsu labarin zane a Folan, littafi shida, Maciej Parowski ya tsara, Bogusław Polch ya zana. A 2007 kamfanin CD Projekt ya fito da wasan kwamfuta a kan Geralt, ya ƙara na biyu a 2011, na uku a 2015. Na ukun nan, ya zuwa 2023, an sayar da fiye da kwafi miliyan 50. Sa'an nan daga 2014 kamfanin Dark Horse na Amurka ya shiga buga sababbin labaran zane, waɗanda kamannin jarumin cikinsu daga wasan kwamfuta aka ɗauko su. A 2019 Netflix ta mai da shi fim mai dogon zango. Japan ma tana da nata: Vampire Hunter D, wanda Hideyuki Kikuchi ya fara rubutawa a 1983, an mai da shi labarin zane a 2007. Bari a ɗan ratse a nan saboda marubuta da ma'aikatan da ke kula da haƙƙin mallaka. Sapkowski ya sayar da izinin wasan a kan kuɗi dunƙule, don bai zaci abin zai yi kasuwa ba. A 2018 ya dawo yana neman ƙarin kuɗin Folan miliyan 60, sai a ƙarshen 2019 aka sasanta. Marubucin Hausa da mai fim ya zo masa da 'yan kuɗi a hannu yana neman labarinsa, yana da abin dubawa a nan.

Kowace hanya tana ba labarin wani abu, tana kuma ƙwace masa wani. Littafi yana iya shiga cikin zuciyar maharbi ya nuna shakkarsa. Wasan kwamfuta yana miƙa wa mai wasa takobin, ya bar masa zaɓi, ya kashe abin da ke gabansa ko ya ƙyale shi, ya kuma ga abin da zai biyo baya. Shi labarin zane ba shi da zaɓin nan, amma yana da abin da sauran ba su da shi, watau iko a kan idon mai karatu. Mai zane yakan ɓoye dodo har sai an juya shafi. Yakan zana takobi a sama a gida ɗaya, a gida na gaba ya zana jini a ƙasa, saran kansa ya bar shi a 'yar farar ratar da ke tsakani, mai karatu ya aikata shi a ransa. Kuma zane shi ke ba dodo fuska. Wannan batu na fuska za a komo kansa, domin a nan haɗarin yake.

To, me Bahaushe yake da shi a wannan fage?

Abin da zai fara zuwa ran kowa shi ne Bayajida. Baƙo ne, ya biyo ta Barno, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya nemi ruwa, aka ce masa babu, domin macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je ya zura guga, macijin ya fito, ya sare kansa ya ɓoye. Da gari ya waye Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, masu ƙarya suka yi ta fitowa, aka ce kowa ya kawo kai, aka rasa, sai baƙon. Malaman tarihi sun daɗe suna gardama a kan ko wannan labari yana da tushe a abin da ya faru, wannan kuwa ba shi ne damuwar laccar nan ba. Abin lura shi ne ginin labarin: akwai gari cikin ƙunci, akwai baƙo mai makami na musamman, akwai lada, akwai shaidar kisa. Duk waɗannan suna cikin labaran Geralt, har da ɗauko kan dodo a kai wa wanda ya yi jinga. Bambancin yana wajen ƙarshe. Bayajida ya auri sarauniya, zuriyarsa ta yi mulki. Geralt kuwa sai a ƙirga masa kuɗinsa, wani lokaci ma a rage, a nuna masa ƙofar gari.

Tarihin Kano ya ambaci Barbushe, ƙaton mutum, maharbi, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Shi ne kuma mai shiga wurin Tsumburbura ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru. Watau tun a can maharbi da mai sanin gaibu mutum guda ne.

Tatsuniya ta fi duk waɗannan yalwa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, Rattray da Tremearne suka fito da nasu a 1913, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tara Tatsuniyoyi da Wasanni don makarantu. Wanda ya bi su zai tarar Dodo ba shi da siffa guda. Wani wuri yana cikin ruwa, yana hana a ƙetare sai an ba shi 'ya. Wani wuri yana zagaya gari da dare yana ruri, kowa ya kulle ƙofa, sai Auta, ƙaramin yaro marar jin magana, ya gasa duwatsu ya jefa masa a baki, ya mutu, ya yanke wutsiyarsa, ya bar takalminsa a wurin, sarki ya sa a gwada wa kowa har a zo kansa. Wani wuri kuma Dodo yakan rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri yarinyar da ta ƙi samarin garinsu, sai sun yi nisa cikin daji ya koma kamanninsa. Akwai ta ɓaunar da ta gaji da ɓarnar da wani gidan maharba ke yi wa danginta, ta zama budurwa, ta zo wurin ɗan maharbin tana yi masa daɗin baki tana tambayar abin da yake rikiɗa ya zama in ɓauna ta taso masa. Ya ce suri, ya ce kututture, yana cikin faɗin na ƙarshe uban ya daka masa tsawa daga waje. Wannan na ƙarshen da bai ƙarasa faɗa ba shi ya cece shi ranar da garken ya rutsa da shi. A cikin wannan tatsuniya an ba abin farauta hujjarsa da wayonsa, an kuma nuna cewa asirin maharbi yana iya zubewa a ɗakin kwana. Duk mai neman labari mai duhu wanda manya za su karanta, ga shi nan a ajiye.

Rubutaccen adabi ma bai bar fagen ba. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasashen aljannu, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ahmadu Ingawa ya ɗauko wani gwarzon tatsuniyoyin Rasha, Iliya, ya sa masa rigar Hausa a Iliya Ɗan Maiƙarfi, har yara da yawa suka girma ba su san baƙo ba ne. A zamanin adabin kasuwar Kano aka sami littattafan yaƙi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, cike da matsafa da sadaukai da dodanni, samari suna hayarsu suna karantawa. Ke nan masu karatu suna nan, labarai suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zana.

Wasu kuwa sun riga sun gani. Roye Okupe, ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, ya kafa YouNeek Studios, ya fito da labarin zane mai suna Malika, sarauniya mayaƙiya ta wata ƙasa da ya kira Azzaz. Ba sai an yi dogon tunani ba za a gane Amina da Zazzau. Daga 2021 Dark Horse, kamfanin nan da ke buga Geralt, ya shiga buga littattafansa. Da Turanci aka rubuta, kuma ɗan Ikara, wanda ƙasarsa ce ake zanawa, in ya gan shi sai dai ya kalli hotuna.

Harshen Hausa yana da wata baiwa da ta dace da wannan aiki ƙwarai, watau amsa-kama. Mai zanen Turai yakan ƙirƙiri kalmomin sauti ya rubuta su da manyan baƙaƙe a jikin hoto. Bahaushe yana da su tun fil'azal: abu ya faɗi tim, mutum ya tashi wuf, gari ya yi tsit, dare ya yi baƙi ƙirin, jini ya zuba ja wur. Kalma guda daga cikin waɗannan tana iya cika gida ɗaya na zane ba a ƙara komai ba. Akwai kuma kirari, wanda maharbi ke yi kafin ya shiga daji da bayan ya fito, wanda zai zauna daidai a shafin da jarumi ya fara bayyana. Har ma in da za a yi labarin zane da ajami, daga dama za a fara karatu, kamar yadda ake karanta na Japan, kuma yaran da suka saba da na Japan ɗin ba za su ga baƙon abu ba.

Mai zanen da ya tashi a Ikara ko Kudan ba ya bukatar dazuzzukan Turai masu ƙanƙara. Gonar rake a fadamun Makarfi, idan ta yi tsawo ta rufe mutum, iska tana kaɗa ganyenta da magariba, ta isa wurin tsoro. Ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila da dare, ga tsohuwar kuka a bayan gari wadda ba a zama gindinta da tsakar rana, ga kangon da aka ƙaura aka bari, ga ƙauyukan Maguzawa da suka riƙe wasu al'adu na dā. Ga kuma maharbin kansa, da warki da guraye da layu, da baka da kwari, da dafin ƙwanƙwani a bakin kibiya, da imanin cewa yana da baduhu ko layar zana. Bahaushe ya bambanta maharbi, mai shiga daji shi kaɗai ya yi kwanto, da mafarauta, masu fita rundunarsu da rani da karnuka da gora da ganga. Jarumin irin wannan labari maharbi ne. Jama'a suna neman maganinsa, suna kuma ɗan ja da baya daga gare shi, don an san wanda ya saba da daji ya saba da mazauna daji.

Yanzu a komo ga batun fuska. A dandali, idan tsohuwa ta ce Dodo, kowane yaro yana ƙera nasa a ransa, ba wanda ya yi kama da na wani. Ranar da mai zane ya sa alƙalami, dole ya yanke shawara: wace irin fata, wane irin hanci, wace irin tufa, wane irin rawani ko malafa. Tarihin zane a Turai da Amurka cike yake da misalan inda aka ɗauki kamannin wata al'umma aka liƙa wa mugu, Yahudawa a jaridun Jamus na zamanin Hitila, baƙar fata a littattafan yara na zamanin mulkin mallaka. A ƙasar da ake fama da 'yan bindiga, jarabar da za ta zo wa mai zane a fili take. Zai so ya ba dodonsa sanda da shanu, ko tsagar wata ƙabila, ko karin harshen wasu mutane. In ya yi haka littafinsa zai sayu, kuma yaron da ya karanta zai fita kasuwar Makarfi ya ga fuskar nan a jikin mai sayar da nono.

Wannan ba zancen nesa ba ne, domin maharbi ya bar tatsuniya ya dawo cikin labaran yau. A Adamawa maharba sun shiga yaƙi da Boko Haram, har wata mace, A'isha Bakari Gombi, ta yi suna a cikinsu. A garuruwa da yawa na Arewa maharba da 'yan sintiri su ke kwana a bakin gari, kuma suna biya da rayukansu. A farkon Satumba na 2023 'yan bindiga sun faɗa wa masallaci a Saya-Saya, cikin ƙaramar hukumar Ikara, suka kashe masu salla. Wanda ya ga irin wannan ba za a zarge shi ba in ya yi marmarin wani Bayajida. Amma an kuma ga inda 'yan sa-kai suka kashe mutum a kasuwa saboda kamanninsa kawai, abin ya jawo ramuwa a kan ƙauyuka. A watan Maris na 2025 kuwa abin ya juya: a Uromi ta Jihar Edo aka tare mota ɗauke da maharba 'yan Arewa masu komawa gida don salla, aka ga bindigoginsu na gargajiya, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16 aka ƙona. Su da suke ganin kansu makasa dodo, a idon mutanen wancan gari su ne dodon. Haka nan zargin maita, wanda har yanzu yakan sa a taru a kan tsohuwa marar gata a ce sai ta tsallake marar lafiya, in ta ƙi a hau ta da duka.

Mafi kyawun labaran Geralt a kan wannan gaɓa suke tsaye. A ɗaya daga cikinsu, wanda Dark Horse ta mai da shi zane, wani matsafi da wata gimbiya da aka kora kowanne yana roƙonsa ya kashe ɗayan, kowanne yana cewa ɗayan ne dodo. Ya ƙi zaɓa, har abin ya kai shi ga zubar da jini a tsakiyar kasuwa don ya hana a yi wa mutanen garin yankan rago. Mutanen da ya ceta ba su san abin da ya hana ba, gawawwaki kawai suka gani, suka jefe shi da duwatsu, suka laƙaba masa sunan mahauci. A wasannin kwamfuta an ba shi takubba biyu a baya, ta azurfa don dodanni, ta ƙarfe don mutane, kuma ta ƙarfen ba ta rasa aiki. Aikinsa na farko a kowane gari shi ne bincike: wa ya mutu, wa ya gani, wa zai amfana in an kashe abin da ake zargi. Sau da yawa yakan tarar wani laifi ne mutanen gari suka binne, shi ya tashi yana bin su.

Hausa tana da kalmar da ta riga ta san wannan, watau dodorido, abin da ake tsorata mutum da shi alhali babu kome a ciki. Tana kuma kiran jarumi dodo a kirari, ta kira mai mulki dodo, ta kira katantanwa dodon koɗi. Kalma guda ta ɗauki abin tsoro da mai ba da tsoro da abin da bai kai a ji tsoronsa ba. Marubucin da zai tsara labarin zane a kan maharbin Ikara yana iya farawa daga nan. Sarkin baka ya sami kira daga wani ƙauye cewa kura tana ɗauke awaki, kuma kowa ya san ko wace tsohuwa ce ke rikiɗa. Ya iso da la'asar, ya duƙa a bakin turke yana duba sawu, mutanen gari sun kewaye shi da sanduna suna jiran ya nuna gida. Sawun da ke ƙasa kuwa na takalmin roba ne, ya nufi hanyar Tashar Yari.